Malam Dabo da Ranar Share Firij

Tun shekarar da aka ba Malam Dabo ɗan lokaci a shirin safe, watan Nuwamba ya zame wa ma'aikatan sashen Hausa na gidan rediyon ciwon kai. Ya raɗa wa shirin nasa suna "Yau Ranar Me Ce?", kuma ba abin da yake yi a ciki sai sanar da masu sauraro ranakun da Turawa suka ƙirƙiro don su rage wa kansu kewa. Yau ranar gashin baki, gobe ranar kokwamba mai tsami, jibi ranar ɓata rai da gangan. Tayyiba, wadda ke haɗa masa sauti, takan zauna bayan gilashi tana kallonsa yana ɗaga gira yana shaida wa manomin Gumel da mai shayin Maraɗi cewa yau duniya na bikin kaza. Wace duniyar? Ita dai ko maƙwabtanta na Annandale, waɗanda aka haifa a nan Amurka, ba ta taɓa ganin wanda ya san da zancen ba.

"Matsalarmu mu Hausawa ba mu da wayewar kai," yakan faɗa in ya fito, yana shafa gashin bakin da ya tsayar musamman saboda watan. Mutumin Kazaure ne, amma in ya ambaci Hausawa sai ka rantse wasu mutane ne da ya taɓa karanta labarinsu a makaranta.

Da ya tsaya a makirfo da sauƙi. Bai tsaya ba. Ranar kyautatawa ta duniya ya zo da alewa a kwali yana bin tebur tebur, kowa ya ɗauka sai ya tsaya a kansa har ya ji godiya. Talatar da ta biyo baya kuwa, sha biyar ga wata, ita ce ranar share firij, kuma wannan karon ya shirya da gaske. Ya zo da safar hannu ta roba da takunkumi, ya gayyato Constance, wata Ba'amurkiya da ke ɗaukar hotuna don mujallar ma'aikata, ya ja ta har kicin ɗin ofis.

Tayyiba ta shiga ɗaukar ruwan zafi ta tarar da shi a durƙushe gaban firij, yana fito da robobin abincin mutane yana ɗaga su sama ɗaya ɗaya, Constance na ƙyasta hoto. Can ya jawo wata babbar baƙar leda daga ƙasa. Yana kwance bakinta ƙamshi ya cika kicin, ƙamshin da ko a mafarki Tayyiba ta ji sai ta gane. Constance ta ja da baya tana toshe hanci. Da Dabo ya ga haka shi ma ya ja da baya, har da ƙaƙalo tari.

"Malam Dabo, ai daddawa ce," in ji Tayyiba.

"Ko mece ce, ta lalace," ya amsa ta cikin takunkumi. Ya ɗago ƙullin da yatsu biyu, ya riƙe shi saitin kwandon shara har Constance ta samu hoton da take so, sannan ya saki.

Tayyiba ta so ta tsaya ta ji ko ta wace ce, amma lokacin labarai ya gabato, ana jiranta. Ta fita tana jin haushin kanta.

Kayan na Rabi ne. Rabi 'yar Damagaram ce, mai karanta labarai, ta girme su duka a shekaru da kuma aiki. Yayarta ce ta haɗo mata daddawa da man shanu da cuku ta hannun Sanusi, abokin aikinsu da ya dawo daga hutun Babbar Sallah. Ya iso da su ranar Litinin, ya tarar Rabi na hutun kwana biyu, ya rubuta sunanta a jikin ledar ya saka a firij. Ba don kanta kaɗai take jiransu ba. Duk shekara ranar Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, tunda hutu ne, Hausawan yankin kan taru a gidan Dakta Abdulmumin a Mitchellville. A gasa talotalo a ajiye a tsakiyar tebur don kada yara su ce ba a yi ba, amma abin da manya ke tuƙo mota dominsa shi ne tuwon Rabi da miyar kuka.

Ranar Laraba Rabi ta buɗe firij ta ga fayau, har ƙyalli yake. Ta tako a hankali zuwa teburin Dabo.

"Malam Dabo, an ce kai ka kwashe firigo."

"Ni ne, Hajiya. Ai na sanar a iska, duk duniya ta ji."

"Da sunana a jikin ledar."

"Ban lura ba gaskiya. Kin san ƙa'idar tsabta ba ta san suna ba."

"Duka ka zubar?"

"Duka."

Rabi ta dube shi har ya fara gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "To, madalla," ta ce, ta koma kujerarta. Tayyiba ta bi ta tana ba ta haƙuri, ta ce da ta san nata ne da ba ta bar wajen ba. Rabi ta ce, "Bari, ƙanwata. Yayata ce nake ji. Da ciwon gwiwarta ta je kasuwa da kanta ta zaɓo."

Dabo bai ba da haƙuri ba. Ya jira Litinin, ranar gaisuwa ta duniya, ya zo ya tsaya gabanta ya rangaɗa mata sallama da fara'a kamar mai tallan magani. Ta amsa sallamar don ta Allah ce, ba ta ɗago kai ba.

Ranar Alhamis ta Thanksgiving da la'asar gidan Dakta ya cika. Ganyen bishiyoyi ya zube ya rufe farfajiya, yara na tsalle a ciki, iyaye na yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Mata na kicin. Rabi ta yi miyarta da dunƙulen kanti, tana juyawa ba walwala. Tayyiba ta ɗanɗana ta ce ta yi daɗi, su biyun kuma sun san ƙarya take.

Sai ga Aliyya, matar Dabo, ta shigo da jakarta. Nas ce, mace mai faram-faram, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Ta gaida kowa, ta leƙa tukunya, sannan ta ce, "Yaya Rabi, yau na zo miki da abin da zai tashi tuwon nan." Ta zaro kwalba, man shanu ya kai rabi a ciki. "Na gaske ne, daga Nijar. Wani mai sauraro ya aiko wa Baban Asma, har da cuku. Ya kusa cinye cukun shi kaɗai."

An ɗaure murfin kwalbar da ƙyallen atamfa shuɗiya. Rabi ta ajiye ludayi.

"Yaushe ya aiko?"

"Talatar makon jiya ya shigo da su."

Rabi ta karɓi kwalbar ta juya ta a hannu. "Wannan ƙyallen zanen yayata ne. Ni na saya mata shi."

Tayyiba ce ta ba Aliyya labarin firij, a taƙaice, murya ƙasa ƙasa. Aliyya ta saurara har ƙarshe, ta karɓi kwalbar, ta nufi falo. Matan suka bi ta, Tayyiba a gaba, don ba za ta yarda a ba ta labarin wannan ba.

Dabo na tsakiyar maza, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana wayar musu da kai cewa gobe ranar ƙin sayen komai ce, kuma duk mai hankali ya kamata ya kiyaye ta.

"Baban Asma," in ji Aliyya, ta ɗaga kwalbar. "Wane mai sauraro ne ya aiko maka wannan? Faɗi sunansa."

Dabo ya dubi kwalbar, ya dubi Rabi, ya sauke ƙafarsa.

"Ai ceto su na yi," ya ce. "Da shara za su tafi. Almubazzaranci ba kyau."

Sanusi ya fashe da dariya har ya ƙware. Dakta Abdulmumin, wanda bai cika magana ba, ya cire tabarau ya ce, "To ita daddawar fa, Malam Dabo? Me ya hana ka cece ta?"

"Ita an riga an ɗauki hoto."

Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa. Har dattawan da suka so rufa masa asiri sai da suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Aliyya kaɗai ce ba ta yi dariya ba. "Mutumin da in ban sa daddawa a miya ba yake kumbura fuska," ta ce, ta miƙa wa Rabi kwalbar da hannu biyu. "Yaya, ki yafe ni. Ni na soya shi ma, ban sani ba."

Da aka zuba tuwo, Rabi ta narkar da man ta zagaya da cokali tana zuba wa kowa. Da ta iso kan Dabo ta tsaya, ya ɗan turo kwanonsa.

"Kai ka riga ka ci rabonka," ta ce, ta wuce ga na kusa da shi.

Ya ci tuwonsa haka, ya tashi da wuri wai yana da shirin safe.

Ranar Litinin Rabi ta ba Tayyiba sauran labarin. Da Juma'a Aliyya ta tuƙo har gidan Rabi a Takoma Park ta kawo mata abin da ya rage na cuku, 'yan guntaye a ƙasan leda, da daddawar da ta sa Dabo ya zagaya shagunan 'yan Afirka ya nemo. Ta Gana ce, ba ta kama ƙafar ta gida ba, amma Rabi ta karɓa saboda Aliyya. Shi kuwa ya ƙi shiga, ya zauna a mota. Rabi ta ce sai da ta yafa gyale ta fita cikin sanyin nan ta ƙwanƙwasa masa gilashi, ta gaishe shi, ta tambayi iyali da aiki da gajiyar jiya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko guda ba, shi kuma yana amsawa yana kallon sitiyari.