Alkamar Lambros

Duk wanda ya zauna da tsoho Argiris a gidan gahawar bakin tashar jiragen ruwa, a tsibirin Andros na ƙasar Girka, ya san ba ya ba da labarin bindiga. Shekara huɗu ya yi a jirgin ruwan yaƙi yana rakiyar ayarin jiragen kaya, amma labarin wansa Lambros kaɗai yake maimaitawa, yana kewar zamanin kamar ba wuya suka sha ba.

A lokacin Argiris ne mai fitilar aika saƙo. Ayarin ya taso daga Malta zuwa Iskandariya, cikinsa har da wani tsohon jirgin gawayi da Lambros ke kula da injinsa. Jirgin nan tafiya yake kamar mai ciwon ƙafa, ga hayaƙi baƙi ƙirin da zai iya kiran jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus daga ko'ina. Doka kuwa ɗaya ce: wanda ya gaza, ba a jiransa.

Rana ta uku da hantsi injin tsohon jirgin ya mutu. Kyaftin ɗin jirgin yaƙin ya ce, "Argiris, faɗa musu mun wuce."

"Ranka ya daɗe, yayana yana ciki."

"Na sani. Aika."

Ya aika. Amsa ta zo, kuma ya san bakin wa ke ciki: "Ku je, auta. Kada ka taɓa min sigarina."

A Iskandariya ya yi ta zaman jira a bakin ruwa, shiru. Rana ta tara da rabuwarsu ya haƙura. Ya nemo alkama da zabibi da ɗan sukari, ya dafa irin wadda ake rabawa don mamaci a al'adarsu, limamin coci ya yi addu'a a kai. Yana cikin rabo a ƙofar coci, kuka ya ci ƙarfinsa, sai wani hannu mai baƙin mai ya shiga kwanon.

"Wa ya mutu?"

Lambros ne, ya rame, gemu buzu-buzu. Kwana shida suka yi suna gyaran injin a tsakiyar teku.

"Kai ne, Yaya," in ji Argiris.

Lambros ya tauna a hankali, ya yatsina fuska.

"Amma kai marowaci ne, auta. Duk tsawon rayuwata, ɗan sukarin nan kawai na cancanta a wurinka?"