Injinan Merv Goma Sha Ɗaya

Glenys Tuckwell ta daɗe tana cewa ƙarafan mijinta ne za su kashe su da ƙishirwa, amma ba ta taɓa faɗa da zafi irin na wannan Lahadin ba. Wata biyar ba a yi ruwan kirki a ƙauyensu Wirrabinda ba, tankin bayan gida ya sauka ƙasa da rabi, rediyo kuma tun asuba yake maganar gobarar daji a bayan tsauni. Ga Merv can cikin sito yana ɗura wa injinan wanki ruwa.

"Merv! Wai kai wane irin mutum ne? Tumakin maƙwabcinmu Col suna faɗuwa a gona, kai kana shayar da ƙarfe?"

"Haba, tsohuwa. Robar ƙofa ce ke bushewa. In ta tsage, ina zan samo wata? Waɗanda suka ƙera ta duk sun mutu."

"To, ka bi su mana ka tambayo!"

Ta buga ƙofar gida ta shige. Da ta san yadda yinin zai kasance, da ta haɗiye wannan maganar.

Shekara talatin da huɗu Merv ya yi yana gyaran injuna a shagunan wanki na Melbourne, irin waɗanda sai ka saka musu 'yar senti ashirin kafin su tashi. Da shagunan suka fara rufewa, shi kuma ya fara kwaso injinan a a-kori-kurarsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tattara marayu. Goma sha ɗaya ya jera a siton kwano, kowanne da sunan unguwar da aka ɗauko shi. Duk Lahadi yakan ɗauko gwangwanin sulalla, ya bi su ɗaya ɗaya yana saka musu, ya tsaya da kunne yana saurare. Ba ya yarda inji ya juya da ciki fayau, wai hakan na lalata shi. Ƙananan yakan ba su tsofaffin tawul. Babbar cikinsu kuwa, Fitzroy, mai zagayayyiyar ƙofar gilashi, ita ke cin bargunan ulu uku da mahaifiyarsa ta bari. A gaban wannan Fitzroy ɗin Glenys ta fara ganinsa, tana 'yar shekara ashirin da biyu, yana kwance a ƙarƙashinta ƙafafu waje, ta taka masa takalmi ta ce ko a nan zai kwana.

Wajen ƙarfe ɗaya iska ta juya. Glenys na wanke kofuna ta ji firji ya yi shiru, fanka ta tsaya. Ta murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya ƙafe, domin injin da ke turo ruwa daga tanki shi ma da lantarki yake aiki. Kafin ta goge hannu waya ta yi ƙara. Col ne, maƙwabcinsu, yana haki.

"Glen, kada ku ɗauki mota! Hanyar gada ta rufe, bishiya ta faɗi tana ci. Wutar ta tsallako tsauni, ku take nufa. Ku tafi kududdufin gonarku, ku rufa da bargon ulu jiƙaƙƙe. Kin ji ni? Na ulu!"

Wayar ta yanke. Ta leƙa taga, ba ta gane sararin da ta sani ba. Tsakar rana ce, amma sama ta yi ja-ja-wur, gefenta baƙi ƙirin, ƙonannun ganyen turare suna zubowa a tsakar gida. Ko tsuntsu ɗaya babu. Sai wani gurnani daga nesa wanda ba ya tsayawa.

Ta ruga ta buɗe kabad. Bargunan da ke ciki duk irin na yanzu ne, masu narkewa a jikin mutum in sun ji zafi. Na ulun fa? Ta tsaya cak, hannunta a kan baki. Ai yau Lahadi.

"Merv! Merv!"

Iska ta kusa kayar da ita a tsakanin gida da sito, zafinta kamar an buɗe tanda. A ciki duhu ne, injinan duk sun yi tsit a tsakiyar aiki, cike da ruwa. Ta cikin gilashin Fitzroy tana iya ganin bargunan sun nutse, sun sha ruwa sun ƙoshi. Ta cafki mariƙin ƙofar ta ja. Ko motsi.

"Ba za ta buɗe ba," in ji Merv daga ƙasa. "Da zarar kuɗi ya faɗa, ta kulle ke nan sai ta gama wanki. Akwai wata igiya a bayan wannan murfin, in na ja ta za ta saki."

Yana durƙushe da sukudireba a hannu. Ya riga ya kwance kusoshi uku, kuma, don Allah ku ji, ya jera su a kan ɗan faranti don kada su ɓace! Saura biyar, duk sun yi tsatsa. Bakin sukudirebar sai zamewa yake.

"Ka fasa gilashin!"

"Minti biyu, Glen. Babu irin wannan gilashin a duk faɗin ƙasar nan."

"Ba mu da minti biyu, mahaukacin tsoho!"

Wani abu ya faɗo bisa kwanon da ƙarfi, sai wani, sai wani. Garwashi ne. Ta ramin ƙusa a rufin ta ga haske ja. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana yi mata yaji a ido. Tsoro ya kama Glenys, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba tsoron mutuwa kaɗai ba. Shekara da shekaru tana yi masa tsiya cewa ya fi son ƙarafan nan a kanta, tana faɗa tana dariya, yau ga shi za ta ga amsar da idonta, kuma ba ta son gani.

Ta lalubo guduma a kan tebur. Ta ɗaga ta da hannu biyu ta maka wa gilashin. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, ko tsagewa bai yi ba. Ta sake. A banza. Ta fashe da kuka.

"Mervyn, ina jin tsoro."

Rabon da ta kira shi da cikakken sunansa tun ranar aurensu. Ya ɗago ya dube ta. Ya ajiye sukudireba a ƙasa, ba a kan faranti ba, ya miƙe da ƙyar.

"Ba ni," ya ce. "A tsakiya kike bugu. Ni na san inda take da rauni."

Ya shafa gefen gilashin da babban yatsa, daidai inda ya haɗu da roba, ya sa ƙarfinsa duka. Bugu ɗaya. Gilashin ya tarwatse, ruwa ya kwararo ya jiƙa musu ƙafafu. Ya zura hannu ta cikin fasassun bai ko kula ba, ya zaro bargunan suna ɗiga, masu nauyi kamar an saɓa tunkiya.

Yadda suka kai kududdufin, Glenys ba ta iya tunawa sosai. Abin da ta sani, babu komai a cikinsa sai laka. Suka kwanta rub da ciki a tsakiya, barguna uku a kansu, fuska a taɓo. Wutar ta iso. Ƙararta ta toshe kunne, iskar numfashi ta ƙare, ulun ya yi ta tururi a bayansu. Ta ji gilasan gidansu suna fashewa, ta ji kwanon sito yana nannaɗewa. Hannun Merv na kan ƙeyarta yana danna ta ƙasa, wani abu mai ɗumi yana bin wuyanta, sai daga baya ta gane jininsa ne. Ta yi ta kiran sunansa don ta ji ya amsa. Yana amsawa, muryar na raguwa. Sau ɗaya bai amsa ba, ta ƙwala ihu har sai da ya yi tari ya ce, "Ina nan, ke dai kin cika surutu."

Da ƙarar ta wuce suka ɗaga bargo, saman na farkon ya ƙone ƙurmus, na biyu ya bushe ƙayau. Na ukun ne kaɗai ke da sauran danshi.

Babu gida, babu sito. Injinan ne kawai a tsaye a jere cikin toka, baƙaƙe, goma sha ɗaya, Fitzroy a ƙarshe da bakinta a buɗe. Merv ya zauna a bakin kududdufin yana kallonsu. Glenys ta yage gefen rigarta tana ɗaure masa hannu, tana jira ya yi maganar gilashin.

"Kusoshi uku na tsaya kwancewa, Glen," ya ce. "Kina tsaye a bayana, ni kuwa ina jera su a faranti."

Ta ajiye tsiyar da ta saba yi masa. Ta ƙara matse ɗaurin, ta riƙe hannun ba ta sake ba har motar 'yan kwana-kwana ta iso.