Wa Zai Fara Ban-Ruwa?

Ni da ƙanena Parfait injin ban-ruwa ɗaya gare mu, a gonar albasa bakin Binuwai, bayan Garuwa. Injin ya tsufa, rana na ɗagawa yake yin zafi ya mutu, don haka wanda ya zo na biyu rabin ruwa yake samu. A kan wannan muka daina gaisawa tun bara.

'Yata Pauline, mai karatun na'ura a Ngawundere, ta zo hutu da wani ɗan allon lantarki kore, bai fi tafin hannu ba. Ta ce shi zai riƙa buɗe bututuna da na Parfait bi da bi, yau ni ne farko, gobe Parfait, ba mai sa baki. Na ji daɗi har raina.

Ranar gwaji tana kunnawa, bututun biyu suka buɗe tare. Ruwa ya rabu, bai kai ƙarshen fangalin kowa ba.

"Papa, kuskurena ne," in ji ta. "Na rubuta naka a sama, na Tonton Parfait a ƙasa, na ɗauka zai bi layi."

"To, ba daga sama ake fara karatu ba?"

"Wannan yaren na'ura da nake rubutu da shi ba umarni ake ba shi ba. Wayoyin cikin allon ake siffantawa, kamar lissafi: kaza ya shiga, kaza ya fito. Duk layukan tare suke aiki. Bai ma san jiya ba, sai na gina masa wurin tunawa."

Kaina ya ɗaure tamau. Yaren da ba mai magana da shi, kuma bai san jiya ba! Parfait kuwa, da ke tsaye can ya juya mana ƙeya, har shekaranjiya ya sani.

Ta duƙufa kan kwamfutarta, dashenmu na ta yin yaushi. Can ta ɗago.

"Saura abu ɗaya. Wurin tunawar ba ya farawa fanko. Dole in rubuta wanda zai fara yau."

"Ya zaɓa da kansa mana! Ba don haka kika kawo shi ba?"

"Ba ya zaɓe, Papa."

Na dubi fangalina, na dubi nasa. Kunya ta kama ni.

"Rubuta Parfait," na ce.

Parfait bai juyo ba. "A'a, Yaya. Dashenka ya fi jin jiki."

Rabona da jin ya kira ni Yaya tun bara. Pauline ta ɗaga yatsa tana jira, mu kuwa muka kama sabuwar gardama, kowa na cewa a fara da ɗan'uwansa.