Golmon Kwamfuta

A daminar 2008 aka kawo wa wata makarantar sakandare a Zuru kwamfuta guda ɗaya, tare da ƙaramin janareto da wata 'yar na'ura da ake soka mata a gefe don ta kama intanet. Bayan kayan kuma sai ga takarda daga hedikwata. Takardar ta ce nan da mako uku za a zo a jarraba malamai. Wanda ya iya buga tambayoyin ajinsa ya aika ta intanet, ya zauna. Wanda ya kasa, za a tura shi ƙauye, inda babu abin da zai dame shi sai alli.

Malam Haggai, malamin noma, ya karanta takardar sau uku. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Ba ƙauyen yake tsoro ba, shi da aka haifa a gindin dutse. Matarsa Rachel ce damuwarsa. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun bara, kullum shi ke kamo ta ya fito da ita inuwar mangwaro kafin ya tafi aiki, shi ke mayar da ita ɗaki in ya dawo. In aka jefa shi can wani ƙauye bayan Sakaba, wa zai yi wannan?

Wanda aka ɗauko ya koyar da su shi ne Obiora, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Mutum ne mai haƙuri, amma haƙuri ba ya zama fetur. Man da aka ba su na rabin awa ne a rana, malamai kuwa goma sha biyu ne. Kowa minti biyu da rabi ke nan. Kafin Malam Ɗanjuma na lissafi ya lalubo tabarau a aljihun babbar riga, ya goge, ya yi bisimilla, lokacinsa ya ƙare. Mako guda aka kwashe ana wannan, abin da kowa ya ƙware a kai shi ne jan kujera.

Ranar Litinin ta biyu Malam Haggai ya miƙe a ɗakin malamai.

"Jama'a, wahalar banza muke sha. Ni shekara bakwai na yi golmo kafin a ba ni Rachel. Ban taɓa ganin inda mutum ɗaya ya tasar ma gona shi kaɗai ba."

Golmo kuwa noman da samarin ƙasar Zuru kan yi wa iyayen 'yan matan da za su aura ne. A ƙungiya ake yinsa, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Kowa da kunyar da zai nome, ba mai tsallakawa ta wani, kuma ba mai barin gona sai an gama.

Ya ɗauko allon maɓallan kwamfutar ya ɗora a tebur, ya dube shi irin kallon da manomi kan yi wa sabon fili. Layi-layi ne, kamar kunyoyi. Me ya rage? Nan take ya hau rabo. Malam Ɗanjuma ya samu layin lambobi gaba ɗaya, tunda abincinsa ne. Haruffa aka raba wa mutum tara, wani uku, wani biyu. Malama Keziah ta Turanci, da yake hannunta ba ya rawa, aka damƙa mata linzamin da ake jan kibiya da shi. Shi kuwa Malam Haggai ya ɗauki dogon maɓallin nan na ƙasa mai ba da tazara, domin a golmo shugaba ke ɗaukar kunya mafi tsawo.

Obiora ya riƙe baki. "Baba, ba haka ake yi ba fa. Mutum ɗaya ne yana zauna."

"Ɗana, kai ka san kwamfuta, ni na san aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ja mana janareto."

Wanda bai ga wannan zama ba bai ga komai ba. Gajeru sun durƙusa a gaba, matsakaita sun sunkuya a kansu, dogaye sun hau benci suna miƙo hannu ta saman kafaɗu. Wani malami mai tumbi, da hannunsa ya kasa kaiwa, sai ya samo karan dawa yana zungurar haruffansa daga nesa. Malama Keziah na karanto rubutu da ƙarfi, Malam Haggai na buga ƙafa yana ba su kiɗa, kowa na jiran harafinsa ya faɗa masa. Ranar farko an yi karo da goshi, an taka wa Malam Ɗanjuma tabarau. Amma kafin mako ya zagayo sai ka ji allon na ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Obiora da kansa ya gwada tsere da su ya sha kaye, ya koma gefe yana girgiza kai.

Malam Haggai ya ji daɗi har cikin ransa. Da yamma yana mayar da Rachel ɗaki ya ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama da kwamfuta.

Ranar jarrabawa Hajiya Maijidda ta iso daga hedikwata da jakar takardu. Mace ce mara son dogon zance. Tana zama, malamai goma sha biyu suka taso gaba ɗaya, gajeru suka fara durƙusawa.

"Mi na haka?" in ji ta. "Ɗai-ɗai za ku zo. Wa ya fi tsufa? Baba, bisimilla. Buga mini sunanka."

Malam Haggai ya zauna. Bai taɓa ganin allon nan daga kan kujera shi kaɗai ba, sai ya ga ya ƙara faɗi. Ya san harafin farko na sunansa yana can tsakiya, a yankin mai karan dawa. Ya ɗaga yatsa, ya mayar. Shekara hamsin da takwas bai taɓa sa fartanya a kunyar wani ba, kuma ko da zai sa, bai san inda sauran suke ba. Ya koma kan nasa, ya danna dogon maɓalli. Ya sake dannawa. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa a fuskar kwamfutar ya yi ta tafiya a kan farin shafi, bai bar komai a bayansa ba.

"Baba, sunanka nika jira."

"Ranki ya daɗe, nawa aikin ke nan. Kuma ban taɓa kuskure a kai ba."

Hajiya ta ja biro ta yi wani ɗan zane a takarda. Aka kira Malam Ɗanjuma, ya buga mata daga ɗaya har zuwa sifili, tsaf, ya miƙe yana jiran yabo. Malama Keziah ta zagaya da kibiya kusurwa huɗu ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Biro dai sai zane yake yi.

A nan ne abin ya faɗo wa Malam Haggai. Ba kansa kaɗai ya kai bayan Sakaba ba, har da mutum goma sha ɗaya da suka yarda da shi. Kunya ta rufe shi, ga tsoro. Ya tuna Rachel a gindin mangwaro tana jiran wanda zai tashe ta. Ya cire hula, ya je gaban teburin.

"Ranki ya daɗe, laifin nawa ne, ni na raba musu. Amma ba a yanke wa gona hukunci daga bakin hanya. Saura man minti biyar. Ki bari ki ga aikin."

Ta dubi agogo, ta ɗaga kafaɗa, ta miƙa wa Malama Keziah shafi guda cike da tambayoyi.

Gajeru suka durƙusa, dogaye suka hau benci, kara ya miƙe. Malam Haggai ya buga ƙafa. Cikin minti biyu shafi ya cika, babu kuskure ko ɗaya, Keziah ta ja kibiya ta aika shi hedikwata. Janareto ya yi tari sau biyu ya mutu.

Hajiya Maijidda ta jawo jakar takardu gabanta. Ta riga ta zagaya makarantu goma sha tara, ba ta ga inda aka aika ko layi ɗaya ba sai nan. In ta kayar da su, makaranta ta zama kango. In ta ce sun ci, da wane baki, alhali ba wanda ya iya buga sunansa? Ta yi ta juya takardunta har ta kai ga ta ƙarshe, wadda ake lissafa kayan da aka kawo tare da kwamfuta. A ƙasanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa haramun ne a fitar da ko ɗaya daga cikin kayan nan daga harabar makaranta.

Ta gyara zama. A ƙarƙashin janareto da waya ta fara rubutu. Ɗanjuma, lambobi, guda ɗaya, yana aiki. Keziah, linzami, guda ɗaya, tana aiki. Haka har ta zo kan na sha biyu.

"Baba, kai mi za a rubuta?"

"Dogon maɓalli, ranki ya daɗe."

Bayan mako biyu ma'ajin kaya ya zo da gwangwanin farin fenti, domin kayan gwamnati ba ya zama babu lamba. Ya shafa wa kwamfuta, ya shafa wa janareto, sannan ya tsaya yana kallon malamai yana sosa ƙeya. Aka yi shawara, aka daidaita a kan bayan riga. Malam Ɗanjuma ya yi ta mita saboda babbar rigarsa sabuwa ce.

Malam Haggai bai yi mita ba. Ya tako har gida da lambarsa a baya, yara na binsa suna karantawa. Ya tarar da Rachel a inuwar mangwaro, ya juya mata baya don ta gani.

"Mene ne wannan kuma?"

"Shaidar zama ce. Ba mai iya ɗaga ni daga Zuru yanzu, ko shugaban makaranta. Kayan gwamnati ne ni."

Rachel ta yi dariya har da hawaye. Ta shafa fentin da yatsa, bai gama bushewa ba.

"Gwamnati ta makara," in ji ta. "Shekara bakwai ka yi a gonar babana, tun tuni ka zama kayana. Juyo ka kama ni, rana ta iso ƙafata."

Ya sunkuya, ta rataya hannu a wuyansa, farin fentin ya shafe mata hannu.