Akushin Kanyar Baba

Ran da aka dawo da Malam Zailani daga asibiti, mota ba ta iya shiga lungunmu na Kusfa ba, sai a kujera aka ɗauko shi. Bayan an shige da shi gida, mutanen da ke zaune a ƙofar zaurena suka shiga ba da labarinsa kamar ba maƙwabcinmu ba ne. Mai nama ya ce tun yana aikin reluwe ba ya wuce guntun ƙarfe a hanya bai tsince shi ba. Ladan ya ce ɗan malami ne ya mai da kansa masassaƙi ba don yunwa ba, tunda bai taɓa sayar da akushi ko ɗaya ba. Wani ya ce to yanzu sassaƙa ta ƙare, ɓarin dama ya shanye.

Ni ɗinkin hulata nake yi, ban sa baki ba. Dama sauraro na fi iyawa. Ko karatun boko sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Injin nasa a zaure yake. Ƙafar tsohon keken ɗinki ce ya haɗa da bel da sandar ƙarfe: ana takawa, itace na juyawa, shi kuma ya kara masa wuƙa. Wuƙaƙen ma tsofaffin magagarai ne da ya wasa da kansa. Babu gidan da ba a cin tuwo a akushinsa a lungun, sai gida ɗaya, gidan yayansa Alhaji Jumare.

Kowa ya san dalili. Akushin farko da ya yi masa kyau, Malam Zailani ya sa matarsa Sailuba ta cika shi da tuwon shinkafa aka kai wa Alhaji. Alhaji ya sa aka juye tuwon a kwano, ya ce a gaban mutane gidansu gidan alƙalami ne, ba na gizago ba. Ya mayar da akushin wayam. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, ko goro ɗaya ne sai an jefa a ciki. Tun daga ranar suna gaisawa a masallaci, shi ke nan.

Bayan ya ɗan murmure ya aiko a kira ni. Na same shi jingine da bango, da buhu a gabansa.

"Dogara," ya ce, maganar na fita ta gefen baki, "ƙafarka nake so ka ara mini."

Ya sa na zazzage buhun. Cikin ɓawon da aka sassaƙe daga itace akwai wani akushi da aka fara rarakewa, mai kauri, ba a gama ba. Ya ce kanyar gidansu ce da iska ta kayar a daminar bara, wadda babansu ya koya musu karatu a gindinta. Ɗanyen itace ba a gama shi rana ɗaya. Sai a rarake shi sama-sama, a binne shi cikin ɓawonsa ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Yana jiran bushewar ne ciwo ya riga shi.

Na taka injin, ya kara wuƙa da hagu. Nan take ta cafki itacen ta fizge, ta bar wa akushin rauni a baki. Ya daɗe yana duban wuƙar. Ya ce kaifinsu duka na hannun dama ne, sai an juya musu baki.

Aikin da muka shiga ke nan. Da hantsi nakan ajiye hula, in juya masa dutsen wasa, shi ya danna ƙarfe da hagu yana tokare ƙotar da haƙarƙari. Tartsatsi na zuba a kan zanen da ya rufe ƙafarsa. Lokaci-lokaci ya tsoma ƙarfen a gwangwanin ruwa, don in ya yi zafi har ya yi shuɗi ba zai sake riƙe kaifi ba. Sailuba takan leƙo daga cikin gida ta ce likita hutu ya ce a yi.

"Likita dama ya duba," in ji shi. "Bai tambayi hagu ba."

Wata rana na tambaye shi na wa ne akushin.

"Yaya ba zai ƙi kanyar Baba ba." Injin na ta ƙara. "Ko zai ƙi, Dogara?"

Na ci gaba da takawa.

Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya. Ya tsaya a bakin zaure, ya dubi ɓawon da ya rufe tabarma, ya yi addu'ar samun sauƙi, ya juya. Malam Zailani ya riga ya ja zane ya rufe akushin, ya ce bai kai a gani ba tukuna.

Da aka gama shi, bakinsa ya fi kauri ta gefe ɗaya, ciki kuwa sumul. Saura shafa man gyaɗa, ya ce sai gobe. Washegari da hantsi na shigo da sallama, na ji kukan Sailuba daga tsakar gida.

A wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci. Kowa ya ce ya yafe. Ina kusa da Alhaji, bakinsa bai motsa ba.

Ran sadakar uku, Alhaji na zaune a zauren yana karɓar gaisuwa, ya ba injin baya. Sailuba ta kira ni bakin labule. Ta shafa wa akushin mai da hannunta, ya yi duhu yana sheƙi, ta cika shi da tuwon shinkafa. Ta miƙo mini. Na kai na ajiye a gaban Alhaji.

A zauren akwai waɗanda suka ga akushin farko. Alhaji ya dubi wannan, ya shafa bakin da yatsa har ya zo wurin kaurin. Ya tambaye ni wane itace ne. Na gaya masa. Ya tambaya da wane hannu. Na nuna masa wuƙaƙen a jere jikin bango, kowace an juya mata baki.

Ya wanke hannu, ya yi bismilla. Shi kaɗai ya ci, a hankali, har ya suɗe gefen. Sannan ya jawo farantin dabinon da aka kawo na sadaka, ya mayar da shi gefe, ya sa hannu a aljihunsa ya zaro goron da ke ciki duka, ya zuba a akushin. Na miƙa hannu zan karɓa, ya girgiza kai. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauka da hannu biyu, ya taka cikin ɓawon da ba a share ba, ya tsaya a bakin labule.

"Zailani," ya ce, da muryar da duk zauren ya ji, "ka yafe mini. Na dawo da akushi."

Hannun Sailuba ya fito ta gefen labulen ya karɓa.