Karsana Biyu a Gidan Alhaji Mamman

Tun da Malam Yazid ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi, ba shi da hira sai ta shanu. Gidansa na Ƙofar Marusa, amma wuninsa yana wani ɗan fili da ya killace a bayan gari. Can ya yi shekaru yana haɗa iri, har Allah Ya ba shi karsana biyu 'yan asali, uwarsu Bokolo, ubansu Barahama na ƙasar waje, wanda aka kawo irinsa ta allura. Faɗin bayansu kaɗai ya isa mutum ya tsaya kallo. Babbar ma ta ɗauki ciki.

Tsadar dusa da harawa ce ta sa ya yarda zai sayar. Da gangan ya tsuga kuɗi, ya ce wa Babaji dillali, "Wanda duk ya biya wannan, ya san abin da ya saya. Ba zai wulaƙanta su ba."

Babaji ya kawo Alhaji Mamman, wani ɗan kwangila da ke zaune a GRA. Daga nesa Alhaji ya tsaya, hankici a hanci. Bai duba haƙori ba, bai taɓa hantsa ba, bai kuma nemi ragi ba. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa.

"Me ka ce sunan irin, Malam?"

"Barahama, ranka ya daɗe."

"A Katsina akwai mai irinsu?"

"Ban sani ba, gaskiya. Da wuya."

Alhaji ya yi murmushi, ya ce an gama. Malam Yazid ya shiga yi masa bayanin allurar rigakafi da irin abincin da mai cikin ke so, shi kuwa yana ta latsa waya yana cewa to, to.

Ran Asabar da hantsi Malam Yazid ya bi motar da ta ɗauke su, don ya ga makwancinsu da idonsa. Suna shan kwanar layin ya hangi rumfuna da kujerun roba. A bayan gidan an jera manyan tukwane bisa murhu, mata na yankan albasa, mahauta uku na zaune a gindin darbejiya suna wasa wuƙaƙe. Babu turke, babu kwamin ruwa.

Ya dubi Babaji, wanda suka zo tare. Babaji ya sunkuya yana gyara takalmi.

"Walimar buɗe sabon gida ce," in ji shi a hankali. "Na ɗauka ka gane."

Malam Yazid ya sami Alhaji a farfajiya yana koya wa mai riƙe da lasifika yadda zai faɗi sunan. Ba-ra-ha-ma. Ya ce a sanar sau biyu, kafin abinci da bayan abinci, a kuma faɗi abin da aka biya.

Bayan sun gaisa Malam Yazid ya ce, "Alhaji, waɗannan na iri ne. Babbar ciki gare ta, na faɗa maka."

"Ka faɗa mani?"

"A gaban Babaji. Ka ba ni su in maido maka kuɗinka yau. In nama kake so, ni zan je kara in zaɓo maka bijimai."

"Haba Malam, bijimi kowa na yankawa. Kuma ciniki ya faɗa." Sai ya yafito babban mahaucin, ya rage murya. "Ka ji, ɗayar da ciki. Abin da kuka ciro ku sa a buhu, a fitar ta ƙofar baya. Kada mata su gani su ƙi cin nama."

Ƙamshin turaren Alhaji ya haɗu da ƙaurin albasa. An riga an sauko da babbar, tana bin mai igiya salin alin, don ta saba duk wanda ya ja ta wurin abinci zai kai ta. Malam Yazid bai tsaya ya ga sauran ba. Ya fita da ƙafa, ya tofar da yawu a bakin kwata, ya tari Keke Napep.

Bayan la'asar Babaji ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da kula, leɓensa na ƙyallin maiƙo.

"Alhaji ya ce a kawo maka. Wallahi Malam, laushi kamar tsoka ba ƙashi. Kuma ga alheri, wani abokinshi ya ci ya yaba, zai aurar da ɗiya bayan Sallah. Ya ce ko maruƙa ne a ajiye mashi uku, ko nawa ne."

Malam Yazid ya dubi kular, bai miƙa hannu ba.

"Koma da ita. Kuma kada ka sake kai kowa filina."

Babaji ya tsaya jim, ya ɗaga murfin ya leƙa, ya rufe, ya ɗaure kular a bayan babur ɗinsa ya nufi gida.