Kafin Ta Doki Bango

…dama, kullum dama, ba a mai da muciya hagu. Gelmina tana tuƙi, tuwon masara yana huci a tukunyar tagulla, ya kumbura, ya fashe, ya sake kumbura. Lahadi ce. Lorenza na hanya daga birnin Padova, jikar tata mai kiwon wuta. Kiwon wuta! Duk karatun nan a nan ya ƙare.

Yaya ma ta ce? Wuta ce da ta fi cikin rana zafi, Kaka, tana zagaye a wani zoben ƙarfe, maganaɗisu kaɗai ke riƙe da ita a sarari. Ba a yarda ta taɓa bango ba. To wace irin tukunya ce wannan da abinci ba ya taɓa ta? Ina za ku samu ƙanzo? Ta ƙyalƙyale, ja'ira, da wushiryar kakanta Tullio a bakinta… Tullio yana kankare ƙanzo da cokali, yana jiƙawa a madara, bara ne? A'a. Ciyawa ta daɗe da rufe shi.

Tururi ya cika taga. Zobe ne a tukunyar nan ma, rawaya, yana juyawa, yana juyawa… rana a kulle a ɗaki kamar kazar kwanci, yara da fararen riguna suna lallashinta…

Ba haka kawai take watsewa ba, Kaka. Karkarwa take farawa, 'yar mitsitsiya, ido ba ya gani, na'ura ce ke ji. In mun ji da wuri sai mu gyara mata zama. In ta ƙi fa? Sai mu kashe ta da kanmu. Mu hura mata iska mai sanyi ta mutu a hankali, kafin ta doki bango ta yi ɓarna.

Muciya na buga gefen tukunya, ƙal, ƙal, ƙal. Ba ita ta sa ta ba. Hannun ne. Sanyi ne kawai, wa ba ya jin sanyi?

A gidan nan uwar gida ce ke kife tukunya a kan katako. Ɗauka ɗaya, juyi ɗaya, tuwo ya faɗo a dunƙule, a yanka shi da zare. Surukarta ba ta sakar mata kunnen tukunya ba sai shekarar da aka kai ta makwanci. Waccan Lahadin… gefe guda na tuwon ya zame ya faɗi ƙasa. Lorenza ta ɗauki zare ta yanka sauran, tana labarin ɗakin da ke gidanta, babu kowa a ciki, rana na shiga da safe, Kaka, sai kin gani. Da tsumman da ya ƙone kusa da murhu, wa ya ɗauke shi daga kwandon shara? Wa ya duba?

Yarinyar da aikinta ke nan. Sauraro.

Ƙarar mota a tsakar gida. Tsakuwa. Ƙofa.

"Tsohuwa mai rigima, ƙamshi har titi! Kawo in kife miki, yau dai ki huta."

A hankali ta faɗa. A hankali ƙwarai, kamar mai hura iska mai sanyi…

Tuwo ya saki gefen tukunya, ya nuna, ba ya jira. Katako na kan tebur, zare a gefensa. Yatsun Gelmina na kan kunnen tagulla, da zafi, da nauyi, da wannan 'yar rawar… tun yaushe kike ji, Lorenza? Tun yaushe?